Ƙwaron Leshi Ruwan Ƙasa: Danginsa, Mazauninsa da Aikinsa a Gona

Gaisuwa ta musamman ga manoman Anka da Bukkuyum da Gummi, da duk mai riƙe da fartanya a gaɓar Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, tun daga Bagega, a biyo ta Nasarawar Burkullu, har Daki Takwas. Ina gajiya, yaya aikin gona? Allah ya ba mu amfani mai albarka, ya kawo mana ƙarshen wannan fitina ta daji da ta raba mutane da yawa da gonakinsu.

Yau za mu yi magana ne a kan wani ɗan ƙwaro, amma bari mu faro daga abin da kowa ya sani, wato darɓa. Ruwa ya ɗauke kwana goma ko mako biyu a tsakiyar damina, ka shiga gonar wake ko ta gyaɗa, ka tarar da kan tsiron ya yi baƙi ƙirin da ƙananan ƙwari sun manne da juna. A gonar dawa kuma bayan ganyen ne za ka ga ya yi danƙo yana ƙyalli, daga baya ya yi baƙi. Masu noman rani a fadama sun san ta a barkono da kuɓewa da kankana. Ƙwarin darɓa ruwan jikin shuka suke tsotsa. Macensu a ƙasa mai zafi irin tamu ba ta jiran namiji, ba ta kuma yin ƙwai, 'ya'ya take haifa rayayyu, su ma cikin mako guda su fara haihuwa. Shi ya sa abin da ka gani ɗan kaɗan ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar ya game kunya.

To, Allah da ya halicci darɓa ya halicci masu cin ta. Ɗaya daga cikinsu shi ne baƙonmu na yau. Masana suna kiran danginsa Hemerobiidae, mu kuma a wannan shiri za mu kira shi ƙwaron leshi ruwan ƙasa.

Ga kamanninsa, don Allah a saurara da kyau. Ƙarami ne, yawancin nau'insa tsawon fiffikensu bai wuce santimita ɗaya ba. Launinsa ruwan ƙasa ne, wani ya yi haske, wani ya yi duhu da ɗige-ɗige. Fiffikensa huɗu ne, jijiyoyi sun sarƙe a cikinsu, da ɗan gashi-gashi a kan jijiyoyin. In ya sauka, yakan kifa fiffiken a bayansa kamar jinkar ɗaki. A kansa akwai zare biyu dogaye masu gaɓa-gaɓa da yake shinshina da su. Da rana yana laɓe a bayan ganye ko cikin ciyawa, sai magariba ta yi ya fito, kuma hasken fitila yana jawo shi. Ba shi da ƙarfin tashi sosai. In ka girgiza reshen da yake kai, sau da yawa ba ya tashi, faɗowa yake yi ƙasa, ya lanƙwashe kai, ya kwanta a gefe ɗaya tamkar ya mutu. Ka ba shi ɗan lokaci za ka ga ya miƙe ya kama gabansa. Ba ya cizon mutum, ba ya taɓa ganye, ba ya huda hatsi.

Tsutsarsa ma babban aiki take yi. Siririya ce, mai tsini gaba da baya, da ƙafa shida, tana yawo da sauri a cikin tarin darɓa tana kaɗa kai hagu da dama. A bakinta akwai ƙugiya biyu masu rami a ciki. Da ta cafki ƙwaron darɓa sai ta soke shi, ta zuƙe ruwan jikinsa, ta yar da fatar, ta nufi na gaba. Matakin girma uku take bi, kuma kafin ta gama takan cinye gomomin ƙwarin darɓa, wata ma fiye da ɗari. Daga nan ta sami lungu, a naɗin ganye ko a ɓawon itace ko cikin busasshiyar ciyawa a gindin shuka, ta saƙa wa kanta ɗan ƙunshi na farin zare sako-sako, ta kwanta a ciki har ta rikiɗe. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa babban ƙwaro bai fi mako uku zuwa huɗu ba. Babban ma darɓar yake ci, macen kuma tana iya saka ɗaruruwan ƙwai a rayuwarta.

Yanzu mu zo kan yadda masana suka kasa shi. Su masana ƙwari suna jera halitta ne hawa-hawa: babban rukuni, a ƙarƙashinsa dangi, a ƙarƙashin dangi gida, a cikin gida kuma nau'i. Babban rukunin baƙon namu sunansa Neuroptera, ƙwari masu fiffike mai yawan jijiya, kuma an san nau'i kusan 6,000 a cikinsa. Akwai ɗan wannan rukuni da babu yaron da ya tashi a ƙauyukanmu bai yi wasa da shi ba, wato kurkudu, mai haƙa ɗan rami a yashi a gindin katanga yana jiran kiyashi ya zamo ciki. Kurkudun nan tsutsa ne. In ya girma fiffike yake yi, dogo, ya riƙa zuwa fitila da dare. Wanda ya taɓa duba ƙugiyar bakin kurkudu ya riga ya ga irin makamin da tsutsar ƙwaron leshi take farauta da shi, sai dai nata ya fi ƙanƙanta.

Wani dangin a rukunin shi ne ƙwaron leshi kore, mai idanu ruwan zinariya, wanda masana ke kira Chrysopidae. Shi ma macin darɓa ne, kuma an fi ganinsa. Bambance su ba wuya. Kore ya fi girma. Ƙwansa a kan wani siririn zare yake tsayawa, za ka gan su farare a tsattsaye a bayan ganye, alhali na ruwan ƙasa kwantar da ƙwansa yake yi a jikin ganyen, ɗai-ɗai ko 'yan kaɗan a wuri guda. Tsutsar wasu korayen tana ɗora tarkace da fatun abin da ta ci a bayanta don ɓuya, ta ruwan ƙasa kuwa ba ta ɗaukar komai. Masani kuma in ya sa madubin ƙara girma, jijiyoyin gefen gaba na fiffike yake dubawa: a na ruwan ƙasa yawancinsu sun rabu biyu a ƙarshe, a kore kuwa miƙe suke.

Aikin sa wa waɗannan ƙwari suna ya daɗe. Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, shi ya fitar da sunan gidan Hemerobius a 1758. A farkon ƙarni na 19 wani Bafaranshe, Pierre Latreille, ya ware su a matsayin dangi. A 1990 Víctor Monserrat na ƙasar Sifen ya tattara jerin sunayen nau'o'in duniya baki ɗaya, sannan a 1993 John Oswald na Amurka ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya ya sake tsara su bisa kusancinsu da juna. A yau dangin yana da nau'i tsakanin 500 da 600, a cikin gidaje kusan talatin. A 2016 wasu masana suka sake auna tsarin ta hanyar binciken ƙwayoyin gado, suka gano cewa jijiyar fiffike kaɗai tana iya ruɗin mutum, domin wasu gidajen da fiffikensu ya yi kama ba su da kusancin da aka zata.

Ina suke zaune? Ko'ina a duniya, in ban da nahiyar ƙanƙara ta can ƙarshen kudu. Sai dai kowane gida da inda ya fi so. Gidan Hemerobius, mai nau'i fiye da ɗari, ya fi ƙarfi a ƙasashen sanyi, a kan itatuwa. In an same shi a yankin zafi, galibi a kan tsaunuka ne. Haka ma gidan Wesmaelius. Gidan Sympherobius ƙanana ne ƙwarai, sun fi son ƙwarin nan masu farin gari a jiki da ke manne wa itace da rogo. Gidan Notiobiella na ƙasashen zafi ne na ainihi, a dazuzzukan Afirka da Asiya da Ostareliya da Kudancin Amurka, kuma abin mamaki da yawansu kore-kore ne duk da suna cikin dangin ruwan ƙasa. A gidan Psectra akwai nau'in da fiffikensa na baya ya tsuke har ya kusa ɓacewa. Duka waɗannan gidaje an same su a Afirka kudu da Sahara. A Turai akwai wani, Drepanepteryx, da in ya naɗe fiffike ba ka raba shi da busasshen ganye. A tsibiran Hawai kuma akwai waɗanda suka daina tashi gaba ɗaya, fiffikensu ya yi tauri, suna rarrafe a kan duwatsu.

Amma gidan da ya kamata manomin Zamfara ya sa wa ido shi ne Micromus, wanda wani Bafaranshe mai suna Rambur ya raɗa wa suna a 1842. Nau'insa sun kai kusan ɗari. Dalilin da ya sa na ware shi, shi ba ɗan kan itace ba ne kawai, yana zama a ciyawa da gajeriyar shuka, wato daidai inda wake da gyaɗa da auduga da kayan lambu suke. Ya bazu a Afirka da Asiya da Turai da Ostareliya da Arewacin Amurka. A mafi yawan Kudancin Amurka ne babu shi, can wani gida makusancinsa mai suna Nusalala ya tsaya a madadinsa.

A cikin gidan nan akwai nau'i ɗaya da labarinsa ya isa a tsaya a kai. Sunansa Micromus timidus. Wani Bajamushe, Hermann Hagen, shi ya fara bayyana shi a 1853, daga ƙwarin da aka kamo a Mozambik. Bayan 'yan shekaru aka kama wani ƙwaro a tsibiran Samowa, a tsakiyar tekun Fasifik, aka ba shi sabon suna. Aka sake kama wani a Ostareliya, shi ma aka ba shi nasa sunan. An daɗe ana lissafa su a matsayin nau'i dabam-dabam, sai da aka ajiye su gefe da gefe, aka duba ƙarshen cikin namijin da madubi, wanda nan ne ainihin shaidar kowane nau'i take, sannan aka tabbatar ƙwaro ɗaya ne. Ashe mazauninsa ya faro ne daga Afirka, ya ratsa Indiya da kudu maso gabashin Asiya, har Ostareliya da tsibiran teku.

Mai sauraro zai iya cewa, Malam, mu ina ruwanmu da rigimar suna? Da ruwanmu, Alhaji. A 1919 masu noman rake a Hawai suka aika aka ɗebo wannan ƙwaro daga Ostareliya aka sake shi a gonakinsu don ya ci darɓar rake, ya kuma zauna ya hayayyafa. Tunda an gane shi ne dai na Afirka, duk abin da aka koya a kansa a can, abin da yake ci, da kwanakin girmansa, da yadda ake kiwonsa, ya zama ilimin da za a iya aiki da shi a nahiyarmu ba sai an faro daga tushe ba. Da an bar shi da suna uku, da ilimin ya rabu uku.

Indiya ma ta ga amfanin gidan nan. A 2002 wata farar darɓa mai kama da auduga ta auka wa gonakin rake a jihohin Maharashtra da Karnataka. Cikin abubuwan da aka dogara da su wajen kwantar da ita har da Micromus igorotus, wanda aka riƙa kiwo ana kai wa manoma su saka a gona. A Turai yau akwai kamfanonin da ke sayar da wani nau'in, Micromus angulatus, ga masu noman kayan lambu a rumfunan gilashi. Kuɗi suke biya su sayi ƙwaro. Ɗaya daga cikin dalilansu shi ne dangin ruwan ƙasa an san su da ci gaba da farauta a yanayin sanyin da ke rage kuzarin koren, abin da ya kamata masu noman rani cikin hunturu su riƙe.

Ba kuma kowane karo ake dacewa ba, gaskiya ɗaya ce. Lokacin da ƙwaron rogo mai farin gari ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka a farkon shekarun 1970, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta kawo maƙiyansa iri-iri daga can, har da wani ɗan gidan Sympherobius. Wanda ya yi aikin a ƙarshe wani ɗan mitsitsin zanzaro ne da aka fara saki a Nijeriya a 1981, aikin da ya sa masanin da ya jagorance shi, Hans Herren, ya sami babbar kyautar abinci ta duniya a 1995. Ƙwaron leshin da aka kawo bai kama ƙasa ba. Ƙwaro baƙo yana iya ƙin wuri. Wanda ya saba da ranarmu da farinmu da hunturunmu, shi ne abin riƙewa.

Nan ne abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Babban aikin da aka yi a kan wannan dangi a nahiyarmu shi ne na Bo Tjeder, wani ɗan Suwidin, a 1961, kuma a kan kudancin Afirka ya yi shi. Da yawa daga cikin ƙwarin Afirka da ke ajiye a manyan ɗakunan ajiya na Turai daga kudu da gabashin nahiyar aka kamo su. A gida, John Medler ya fitar da jerin sunayen ƙwarin Nijeriya a 1980, kuma akwai ɗakin ajiyar ƙwari a Samaru ta Zariya, inda aka fara binciken noma tun 1922. Taswirar mazaunin ƙwaro, jama'a, sawun masu kamawa take bi. Inda ba a kafa fitila an kama ba, wurin fari yake fitowa a takarda ko da ƙwaron ya cika gonakinsa. Fadamun Gummi da Bukkuyum da gonakin tudu na Anka sun cancanci su fito a taswirar nan, kuma 'ya'yanmu ne ya kamata su sa su.

Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ɗalibanmu na Jami'ar Tarayya ta Gusau, da na kwalejin noma ta Bakura, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da malaman kimiyya na makarantun sakandare, ga abin yi. A rataya farin ƙyalle a jikin bango bayan sallar isha'i, a haska shi da fitila mai ƙarfi, a tsaya a ga abin da zai sauka. A cikin gida za a yi, ko a lambun da ke cikin gari. Kada kowa ya fita daji da dare saboda ƙwaro, halin da ake ciki bai ba da wannan ba. Da rana kuma a shimfiɗa ƙyallen a ƙarƙashin wake ko reshen mangwaro a girgiza. Wanda aka kama a jefa shi a ƙaramar kwalba mai sifirit, a rubuta da fensir a guntun takarda: sunan gari, da kwanan wata, da shukar da aka same shi a kai, a tura takardar cikin kwalbar. Fensir, domin tawadar biro narkewa take yi. Kwalbar da ba ta da wannan rubutu ba ta da amfani ga masani komai kyan ƙwaron da ke ciki.

Sai ku, iyayena manoma. Dattawan cikinku ba su manta 1975 ba, shekarar da kuturtar gyaɗa ta cinye kusan hekta dubu 700 a arewacin Nijeriya. Darɓar wake da gyaɗa ce take ɗaukar cutar daga tsiro zuwa tsiro. Don haka ba zan ce muku darɓa abin wasa ba ce, ba kuma zan ce ƙwaron leshi shi kaɗai zai tare kuturta ba. Maganin wannan shi ne shuka da wuri, da matse tazara, da iri mai jure cutar irin su SAMNUT 23 da SAMNUT 24 da Samaru ta fitar. Abin da ƙwaron leshi yake yi, shi da ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi a baya, shi ne hana darɓa yin yawan da za ta fi ƙarfin shuka.

Matsalar tana zuwa ne daga famfon feshi. Mutum ya ga darɓa a kunya biyu, ya sayo magani mai kashe komai, ya wanke gonar gaba ɗaya. Darɓa ta mutu, masu cin ta ma sun mutu. 'Yan kaɗan da suka tsira a naɗin ganye cikin mako guda sun fara haihuwa, shi kuwa macinta sai ya yi mako uku ko huɗu kafin sabon zubi ya taso, in ma akwai wanda ya rage. Sai gonar ta koma hannun darɓa ba mai tsare ta, a sake sayen magani, a ƙara yawan murfi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kafin ka ɗauki famfo, ka durƙusa ka juya ganye goma ko ashirin a wurare dabam-dabam na gonar. In ka ga siririyar tsutsa tana kai da kawowa cikin darɓar, ko ka ga fatun darɓa a bushe, ko fararen ƙwai a kan zare, to ana yi maka aiki. Ka ba su kwana uku ko huɗu ka dawo ka duba, musamman in hadari yana haɗuwa, domin ruwa mai ƙarfi shi ma yana kakkaɓe ta. Ka lura da tururuwa da kiyashi masu hawa shukar: zaƙin da darɓa ke fitarwa suke sha, suna kuma korar masu cin ta. In abin ya ci gaba da yawa, ka fara da wurin da ya kamu kawai, da ruwan 'ya'yan dogon yaro da aka daka aka jiƙa, da ɗan sabulu. In dole sai maganin kanti, ka nemi shawarar malamin gona, ka bi ma'aunin da aka rubuta, ka rufe hanci da baki da hannu. Ciyawar gefen gona kuma kada a ƙone ta duka, nan suke fakewa in an girbe.

Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan guba. Abin da gubar dalma ta yi a Dareta da Yargalma da sauran ƙauyuka a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, yana nan a zukatanmu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Maganin feshi ma guba ne. Kada a ajiye shi a ɗakin kwana, kada a zuba ruwan sha ko mai a kwalbarsa, kada a ba yaro famfo ya goya.

Iyaye mata masu ɗan lambu a bayan ɗaki, ku ma ku duba bayan ganyen kuɓewarku da yakuwa, ku nuna wa yara tsutsar in kun gan ta, ku ce musu wannan ba a kashe ta. Wanda kuma ya ga babban ƙwaron a jikin fitila kuma yana da waya mai kyamara, ya ɗauki hotonsa daga gefe yadda jijiyoyin fiffiken za su fito, ya kai wa malamin gona na ƙaramar hukumarsa tare da sunan garin da ranar da ya gan shi.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah ya tsare mana gonakinmu da iyalanmu.